Gashi Ko Roba A Gindin Kibiya?

Zancenmu na wannan mako na maharba ne, amma kada malamai da akawuna su ce babu ruwansu, gama da wuya a rasa wanda ke da ɗan'uwa ko maƙwabci mai kwari da baka. Tambayar ita ce: me ya kamata a ɗaura a gindin kibiya don ta tafi sosai, gashin tsuntsu, ko roba, ko kuwa a bar ta haka nan?

Da fari sai mu san amfanin abin. Kibiya ba ta miƙewa a cikin iska sai gabanta ya rinjayi bayanta. In an manna mata gashi a gindi, iska na kama gashin tana jan gindin baya, sai tsinin ya riƙa shigewa gaba. In kuma an ɗan karkata gashin wajen mannawa, sai kibiyar ta riƙa juyawa kamar mazari, ba ta kauce wa hanya.

Kibiyar ƙasarmu ta gargajiya ba ta da gashi ko ɗaya, ba kuwa don rashin wayon kakanninmu ba ne. Kyauro ba shi da nauyi, ƙarfen da maƙeri ya ƙera mai kunnuwa shi ke da nauyi, saboda haka ƙarfen ke jan kyauron. Sa'an nan maharbinmu ba ya harbi daga nesa, sai ya yi sanɗa ya matso kusa. Babban abin dogararsa kuma dafi ne, wanda a kan haɗa da 'ya'yan kwankwani, mai tsai da zuciya. Ko a cinya kibiya ta sami barewa, in dai ta huda fata, dafi ya gama sauran aikin. Watau abu uku ne suka tsaya a madadin gashi: nauyin ƙarfe, da kusanci, da dafi.

A waɗansu ƙasashe kuwa gashi tsohon abu ne ƙwarai. A shekarar 1991 aka tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙara a duwatsun Alps, kan iyakar Italiya da Ostiriya, wanda ya mutu fiye da shekara 5,000 da suka wuce. A cikin kwarinsa an sami kibau biyu da aka gama shirya su, da ragowar gashi uku uku a gindinsu. Mutanen Ingila kuma da gashin dinya suka yi suna. Bayan maharbansu sun ci nasara a kan Faransa a yaƙin Agincourt cikin 1415, sai Sarki Henry na Biyar ya ba da umurni a 1417 a fige gashi shida daga fiffiken kowace dinya a aika masa, don a shirya kibau. Ku dubi yadda gashin tsuntsu ya zama maganar mulki! A Amurka kuwa gashin talotalo su ke amfani da shi, har yau.

To, in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. A 1969 wani mutumin Amurka, Holless Wilbur Allen, ya sami takardar mallakar wani sabon baka mai 'yan ƙafafu masu juyawa a bakinsa biyu, waɗanda tsirkiya ke bi ta kansu. Irin wannan baka na iya tura kibiya wajen ƙafa 300 cikin sakan ɗaya, alhali bakan gargajiya bai cika kai ƙafa 200 ba. Tare da yaɗuwarsa ne 'yan ɓallayen roba suka yawaita a madadin gashi, har suka rinjaye shi a wurin masu sabon bakan. Tun daga nan maharban Amurka ke gardama a kan wanda ya fi.

Ga abin da ke ga gashi. Ba shi da nauyi, yana kuma kama iska da kyau, saboda haka yana saurin miƙar da kibiya in ta fita a karkace. Babbar falalarsa ita ce taushi: in ya gogi jikin baka ko hannun maharbi sai ya kwanta, ya wuce, ya sāke tashi. Aibinsa kuwa ruwa. In ruwan sama ko raɓa ta jiƙa shi sai ya lanƙwame, ya daina aiki. Yana da ƙara in ya taɓa ganye, ga shi ba ya jure wahala, ƙwari kuma na cinsa a ajiye. Sa'an nan ba a haɗa gashin fiffiken dama da na hagu a kibiya guda, gama kowane da wajen da ya lanƙwasa.

Roba kuwa babu ruwanta da damina. Tana daɗewa, ba ta da tsada, kowace ɗaya daidai da 'yar'uwarta. Amma ta fi gashi nauyi, ba ta kuma kwantawa. In ta bugi jikin baka sai ta ture gindin kibiya gefe. Don haka ne sabon baka ke da wani ɗan ƙarfe mai ɗauke da kibiya, yana ba robar hanya ta wuce ba tare da ta taɓa kome ba.

Me ya sa su ke wannan ƙwaƙƙwafi haka? Dalili shi ne, galibin jihohin Amurka sun hana harbi da kibiya mai dafi. Kibiyarsu da yanka ta ke kisa, kanta mai faɗi ne, mai kaifi kamar aska. Dole ta sami huhu ko zuciya, wurin da bai fi faɗin faifai ba a jikin barewa. Shi kuwa faffaɗan kai, shi ma iska na kama shi, yana neman ya ƙwace jan ragamar kibiya. In abin da ke gindi bai fi ƙarfinsa ba, sai kibiya ta ɓace hanya, ta sami dabba a ciki ko a ƙugu. Dabbar ta gudu da rauni, ta je ta mutu a inda ba mai gani, nama ya zama na kura da ungulu. Maharbi ya yi hasara, dabba ta sha azaba a banza.

Ni a ganina, ba maganar tsoho da sabo ba ce. Bakan da ke hannunka, da kan kibiyarka, da lokacin da ka ke farauta, su ne za su zaɓa maka. Wanda kibiyarsa ke kwanciya a kan hannunsa ko jikin baka, gashi ne nasa, mai tsawon inci 4 ko 5, ya kuma rufe bakin kwarinsa saboda ruwa. Wanda ke da sabon baka, yana kuma fita cikin damina, roba ta fi masa. Shi kuwa namu maharbin, in ya ga kibiyar kanti mai jar roba ta ba shi sha'awa, kada ya ɗora ta a bakan kakansa ya nufi daji, gama za ta bugi itace ta kauce. In kuma ya bar dafi, to, ya sani ya zare ɗaya daga cikin duwatsun murhu uku. Sai ya nemi abin da zai maye gurbinsa, watau kai mai kaifi da gashi mai miƙar da shi. Gashin zabo da na talotalo ba su yi mana wuya ba.

Ko wanne mutum ya zaɓa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kafa dami a bayan gari, ya auna taki 20, ya yi ta harbi da ainihin kibiyar da zai kai daji, a bushe da kuma a jiƙe. In ba ta taruwa cikin faɗin faifai, bai kamata ya ɗana ta a kan mai rai ba.

Ina roƙon masu karatu da ke zaune kusa da tsofaffin maharba su tambaye su irin kyauron da su ke zaɓa, da yadda su ke gwada nauyin ƙarfe da shi, su rubuto mana, don kada sanin ya tafi tare da masu shi. Allah ya sa mu dace, amin.