Nahawu, Manɗiƙi da Balaga a Birnin Kano

A shekarar 1900 Sarkin Kano Alu ya sallami Bishop Tugwell da 'yan mishan ɗinsa, don haka makarantarsu ba ta zauna cikin ganuwa ba. Sai dai kuskure ne ɗalibin malanta ya ɗauka tsarin karatun Kiristocin dauri baƙo ne ga Kano. Harsashinsa fannoni uku ne, wato nahawu da manɗiƙi da balaga, waɗanda ake koyarwa da Latin domin fahimtar Littafi Mai Tsarki. Su ne kuma malaman zaure ke karantarwa da Larabci a unguwanni irin su Madabo, manɗiƙin kuwa duk tushensa na Aristo ne. Abin takaici, firamaren yau ta riƙe hadda, ta saki koya wa yaro kafa hujja.