Filin Mata: Fayafayan Maigida

A makon nan maganata a kan wani kaya ne da ke tare mana wuri a ɗaka, watau fayafayan kiɗa waɗanda maigida, ko uba, ko wa ya yi shekaru yana tarawa. Da yawa cikinmu ba mu ɗauke su a bakin kome ba. Wata ta rufe tulu da babban baƙin faifai, wata ta ba yara ƙananan nan masu walƙiya, su CD, su rataya a keke. Wai tun da waƙa ta shiga cikin waya, aikinsu ya ƙare. Ni kam ban yarda ba.

Waɗanda aka fi rena wa hankali su ne na kiɗan lantarki, domin sau da yawa ba murya a ciki, sai amo. Shi wannan kiɗa ba fata gare shi ba, ba tsirkiya. Na'ura ce mai maɓallai kamar na piyano, wutar lantarki ke ba ta sauti. Wani Ba'amurke, Robert Moog, ya ƙera irin tasa a 1964, kuma 'yan ƙungiyar Kraftwerk na Jamus suka yi suna da kiɗan a 1974.

Amma kada ku ce abin na Turawa ne kaɗai. A Yamai akwai Mamman Sani, wanda ya sami wata na'ura ƙirar Italiya, sunanta Orla. A 1978 ya shiga gidan rediyon ƙasar Nijar da ita, aka ɗauki kiɗansa a kaset. Kaset ɗin ƙalilan ne suka fita. Mutanen Nijar sun yi shekaru suna jin kiɗan nan tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, amma samun kaset ɗin a hannu sai an sha wuya. Sai a 2013 wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sake buga shi a faifai, sa'an nan duniya ta san shi. A shekarar ce kuma aka tattara waƙoƙin William Onyeabor na Inugu aka sake bugawa, har tsofaffin fayafayansa suka zama abin nema da tsada. To, kin san abin da ke cikin adakar gidanku? Abin da aka buga kaɗan, in ya lalace a hannunki, wataƙila ba mai shi a garinku duka.

Adana su ba wuya. Manyan fayafayai a tsaye a ke jera su cikin rigunansu, kamar littattafai a kanta. In kin ɗora su bisa juna, ko kin bar su kusa da murhu, ko inda rana ke bugu, sai su tanƙware, allura ta riƙa tsalle. Ki kama faifai ta gefe, balle in hannunki ya taɓa man gyaɗa. Lokacin hunturu ki lulluɓe su da tsohon zane saboda ƙura.

CD kuwa da nasa hali. Gefen da ke da rubutu shi ya fi hatsari, gama kiɗan yana kwance dab da ƙarƙashin rubutun, in ya karce sosai shi ke nan. In za ki goge gefen mai walƙiya, sa ƙyalle mai laushi ki ja daga tsakiya zuwa baki, kada ki bi shi kewaye.

Ku kuma 'yan makaranta ga naku aiki na hutu. Ku sami littafin rubutu ku zauna da mai kayan tun yana da rai da lafiya, ku rubuta sunan makaɗi, da shekarar bugu, da inda ya saya. Ranar rabon gado kowa ta gida da gona ya ke yi, fayafayai kuwa sai a kwashe su a buhu a kai zaure.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.