Daga Samaru zuwa Ɗandamisa

Duk lokacin da aka fitar da jerin jami'o'in da suka yi fice, sai ka ji ana ƙidaya maƙalun da malaman Jami'ar Ahmadu Bello suka wallafa a mujallun ƙetare. To, madalla. Amma manomin ƙauyen Ɗandamisa bai san wannan lissafi ba, abin da ya sani shi ne irin da ya shuka. Cibiyar binciken aikin gona ta jami'ar da ke Samaru, wadda aka kafa tun 1922 kafin jami'ar ta zo a 1962, ita ta fitar da masarar SAMMAZ, da gyaɗar SAMNUT, da waken SAMPEA 20-T na 2019 mai jure tsutsar da ke huda kwanso. A ganina, nan ne darajar jami'ar take. Sai dai tsakanin Samaru da gonakin Makarfi, Ikara da Kudan, malamin gona ya yi ƙaranci. Mai rake da mai tumatir sukan koma wurin mai shagon maganin feshi neman shawara, shi kuwa abin da ke kan kantarsa zai ce a saya. Malamin jami'a kuma, da maƙala ake masa ƙarin girma, ba da yawan buhunan da manomi ya ɗaure ba.