Wa Zai Rubuta Tarihin Dutsen Abba?

Duk ɗalibin da ya yi zama a Samaru ko Kongo, ko da ba tarihi ya karanta ba, ba zai rasa abin faɗa game da Zazzau ba. Ya ji labarin Bakwa Turunku da Sarauniya Amina, ya san Kufena da ganuwar birni, ya kuma san gidajen sarauta huɗu, watau Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. In mai ƙwazo ne, har yana iya jero maka cewa Sarki Ja'afaru ya yi mulki daga 1937 zuwa 1959, Muhammadu Aminu ya biyo bayansa har 1975, sa'an nan Shehu Idris ya shekara 45 bisa gado. To, amma a fita da shi bayan ganuwa a ce masa ga Dutsen Abba, ɗaya daga cikin mazaɓu 13 na Ƙaramar Hukumar Zariya, wadda ba ta gaza Tudun Wada ko Gyallesu ba a lissafin zaɓe. Wane ne Abban da wurin ya ci sunansa? Su wa suka fara sarar daji a nan, daga ina suka taso, a zamanin wane sarki? Nan fa sai baki ya mutu. Abin takaicin ma shi ne, sau da yawa ɗan wurin da ya yi boko ba ya fin baƙo sani.

Ra'ayina, ya 'yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata, shi ne tarihin ƙananan garuruwa irin wannan ba mai tsare shi sai 'ya'yansu. Kada mu zauna jiran gwamnati ko wani shaihun malami daga waje, domin kuwa mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo.

Wani zai ce ai akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, akwai kuma Gidan Arewa da marigayi Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970. Lalle suna nan, kuma taska ce babba. Sai dai mu tuna waɗanda suka rubuta yawancin fayilolin zamanin Turawa, da abin da ya sa suka rubuta su. Razdan da Di'o da malaman En'e ne, kuma abin da ya dame su shi ne kawuna nawa za su biya haraji, shanu nawa za a karɓi jangalinsu, ina iyakar wannan hakimi da wancan. Ƙauye a idonsu adadi ne a cikin rajista. Haka kuma littafin da M. G. Smith ya wallafa a 1960 a kan mulkin Zazzau daga 1800 zuwa 1950, duk da darajarsa, sarauta da masu riƙe da ita ya sa gaba. Wanda ya haƙa rijiyar farko a gari, da malamin da ya buɗe makarantar allo, da ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, waɗannan sunayensu suna cikin kawunan tsofaffi ne kurum.

Domin mu gane nauyin abin da ke cikin kan tsoho ɗaya, mu dubi Baba mutuniyar Karo. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, matar shi M. G. Smith ɗin, ta zauna da wannan tsohuwa a ƙasar Zazzau tana rubuta abin da take faɗa da Hausa. Baba ba 'yar sarauta ba ce, ba ta kuma yi karatun boko ba, amma ta ba da labarin harin masu kamun bayi, da zaman rinji, da aure da saki da ƙawance, da yadda zuwan Turawa ya sauya zaman ƙauye. Ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, har yau kuwa ana karanta shi a jami'o'in duniya. Da an yi jinkirin shekara biyu kacal, da duk wannan ya bi ta kabari. Haka nan tarihin Haɓen Zazzau da suka bar birni da Sarki Makau har suka kafa Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja: 'ya'yan garin ne, Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, suka tattara shi suka rubuta da Hausa, aka buga fassararsa da Turanci a 1952.

Lokaci kuwa ba ya jiranmu. Yaron da yake da shekara 15 ranar da Sarki Ja'afaru ya rasu, yau ya haura 80. Waɗanda suka biya haraji da sule, suka kai auduga kasuwar awo, suka ga Tudun Wada tana tsirowa daga unguwar baƙi a bayan ganuwa har ta zama gari guda, kullum raguwa suke yi. Gine-ginen ma haka. Masallacin Juma'a na birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim cikin shekarun 1830, an san sifarsa ta asali ne saboda an auna shi an zana kafin a lulluɓe shi da sabon gini cikin shekarun 1970. In masallacin da duniya ta sani sai da aka yi masa wannan tanadi, ina ga zauren dagaci na ƙasa, wanda damina ɗaya mai ƙarfi ta isa ta kwantar?

Abin farin ciki, kayan aikin yau yana aljihun kowa. Abin da masu bincike na da suke ɗaukar rikoda da kaset a kai dominsa, yanzu wayar hannu tana yi: ta naɗi murya, ta ɗauki hoton takarda, ta aika wa ɗan gari da ke Legas ko Makka cikin ƙiftawar ido. Amma fa a nan ne nake so mu yi hattara. Watsa tsohon hoto a Facebook ko WhatsApp ba adana tarihi ba ne. Kowa ya sha ganin hoto guda, yau a ce wannan sarki ne, gobe a ce wancan, babu sunan mai ɗauka, babu shekara, babu wurin da aka samo shi. Da irin wannan muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Malamanmu na zaure sun riga sun bar mana ƙa'ida, watau isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji. Kowace hira da aka naɗa, a rubuta sunan mai magana da shekarunsa da ranar hirar, a kuma tambaye shi, da idonsa ya gani ko ji ya yi? In ya kasa tuna shekara, a ɗaura labarin da abin da kowa ya sani, kamar kisan Sardauna a 1966, ko shigowar Naira da babban fari a 1973.

Kada kuma mu ɗauka abin da ya hau intanet ya tsira ke nan. A watan Oktoba na 2023 ɓarayin kwamfuta suka kai wa babban ɗakin karatu na Ingila hari, ayyukansa da yawa suka tsaya wata da watanni. In haka ta sami mai ƙarfi, ina ga wayar ɗalibi da kan faɗa ruwa ko a fizge ta a tasha? Saboda haka kowane abu a yi masa kwafi uku: ɗaya a garin, ɗaya a Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello ko Gidan Arewa, ɗaya a intanet domin kowa ya amfana. A kuma rubuta shi a takarda a buga, ko da ɗan ƙaramin littafi ne, tun da yake ko Wikipedia ta Hausa ba ta dogara da "an ce", sai abin da aka wallafa.

Na san akwai masu tsoron wannan aiki, kuma tsoronsu ba na banza ba ne. Tone-tone yana iya tayar da rigimar gona ko ta sarauta. Ƙasar Zazzau kuma ta yi rumada masu yawa a ƙarni na 19, ba kuwa kowa ke son a ambaci yadda kakansa ya zo ba. Amsata ita ce, shiru ba ya kashe irin waɗannan maganganu, sai dai ya bar su a hannun mai son zuciya, ya fito da su ranar shari'a ko ranar neman aure. Maganin shi ne adalci: in gida biyu sun saɓa a kan wanda ya kafa gari, a rubuta ruwayoyin duka biyu, kada mai rubutu ya mai da kansa alƙali. Abin da dattijo ya ce a sakaya, a sakaya, domin amana ce. Kundin malami ko takardar gado kuwa, a ɗauki hotonta a gaban mai ita a mayar masa nan take. Mu tuna da Tumbuktu: da 'yan bindiga suka mamaye garin a 2012, iyalan da suka gaji littattafan ne suka fitar da su a ɓoye cikin akwatuna zuwa Bamako, saboda sun san nasu ne.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Ƙungiyar ɗaliban kowane gari ta ware hutun ƙarshen zango guda, ta fara da gaisuwa wurin hakimi da dagaci da liman, sa'an nan ta raba unguwanni. 'Yan'uwanmu mata su shiga cikin gida wurin tsofaffi, inda namiji ba ya shiga, su naɗo waƙoƙin daka da na niƙa da salsalar aure, wadda sau da yawa mata sun fi maza riƙe ta. Mai neman batun kundin digiri ya dubi garinsu kafin ya hangi nesa, in ya gama kuma ya kai wa makarantar garin kwafi da Hausa. Ku kuma ma'aikatan ƙananan hukumomi, tsofaffin rajistun haraji da na makaranta da na kotu da ke jibge a sito gara na ci, ku nemi izini ku kakkaɓe su, ku jera, ku ɗauki hotonsu.

Dutsen Abba misali ne kawai, kowa ya sa sunan garinsu a gurbinsa. Wanda duk ya je gida wannan hutu, ya nemi wanda ya fi kowa tsufa a unguwarsu, ya durƙusa ya gaishe shi, ya nemi izini, ya kunna wayarsa. Allah ya sa mu iske su da rai da lafiya.