Kada Tsoro Ya Ƙwace wa Yaranmu Dandali

Ya kai mai karatu, idan kana zaune a Batsari ko Safana, ko kana da 'yan uwa a Ruma, Wagini ko Runka, ba sai an gaya maka abin da maƙwabtaka da Dajin Rugu ta jawo ba. Tun kafin harin Tsauwa da Dankar na watan Fabrairun 2020, wanda ya ci rayuka kimanin 30, gidaje da dama sun saba rufe ƙofa da almuru. An yi ta lissafin shanu da gonakin da aka rasa, amma akwai asarar da ba ta shiga lissafi ba: dandali ya mutu. Gaɗa da langa a farin wata sun yi ƙaranci, yara sun koma zaman jugum a ɗaka suna sauraron hirar fargaba ta manya.

Ra'ayina shi ne wasa ɓangare ne na lafiyar yaro, kuma idan dandali ya gagara, wajibi ne ka dawo da shi tsakar gidanka. Ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin ginuwa a shekaru 3 na farkon rayuwa, kuma magana da taɓawa da mayar masa da martani su ne tubalinta. Tsoro mai ɗorewa kuwa yana sa jiki ya riƙa fitar da sinadarin damuwa fiye da kima, abin da ke dagula barci da cin abinci da riƙe karatu. Babban abin da ke sassauta wannan shi ne babban mutum mai natsuwa da yaro ya amince da shi.

Wataƙila ka ce wanda ke neman abin sawa a tukunya ina ya ga lokacin tatsuniya. Maganarka tana da nauyi, domin tamowa ta yi katutu a Jihar Katsina. Sai dai ka dubi abin da ya faru a Kingston ta ƙasar Jamaika. A 1986 da 1987 masu bincike suka ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar, aka riƙa ziyartar iyayen wasu daga cikinsu sau ɗaya a mako har shekara 2, ana koya musu wasa da 'ya'yansu da kayan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20, waɗanda aka yi wa wannan ziyara sun fi takwarorinsu samun kuɗin shiga da kusan kashi 25 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya wasa da tarairaya cikin matakai 10 na jinyar yaro mai tsananin tamowa. Abinci da wasa tare suke aiki.

Kayan aikin suna gidanka. Bayan girbi, kara ya isa yaro ya ƙera mota ko 'yar tsana. Ɗan yumɓu ya isa ya gina shanu da tukwane. Gawayi da bango ko yatsa da rairayi sun isa zane. Ke uwa, yayin da kike surfe ko tankaɗe, ki riƙa ambata wa na goye sunan abin da kike yi, ki ba shi ƙoƙo da ludayi ya buga. Kai uba, ko da minti 15 ne bayan sallar isha'i, zauna ka yi musu kacici-kacici ko ka koya wa manyan dara. Idan kaka ta ɗauko tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a tsaya a tsakiya a tambayi yaro yadda zai ƙarasa ta. Kada ka gyara masa motar karansa don ta karkace. Tambaye shi inda za ta. A irin wannan tambaya ce basira ke tsirowa.

Sai ka kiyaye abubuwa uku. Kada ka aiki yaro bayan gari neman yumɓu ko kara, babba ya ɗebo. Ka nisanta tsakuwa da ƙwayar gyaɗa daga wanda bai kai shekara 3 ba, domin suna shaƙe yaro. Idan kuma ka ga yana kwaikwayon hari da bindigar kara, kada ka doke shi. Abin da ya gani ne yake furzarwa ta hanyar da ya iya, sai ka zauna ka saurare shi.

Amma idan ya daina magana, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya bari, ko firgita cikin barci ta ɗauki makonni, ko ya rame ƙafafunsa suka kumbura, ka kai shi asibiti mafi kusa ba tare da jinkiri ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yarintar ɗanka ba za ta jira ranar da daji zai lafa ba. Ka fara yau da daddare.