Wanda Bai Gama Koyon Keke Ba, Me Ya Kai Shi Kan Babur na Tsere?

Shekara 2 ɗan yayata ya yi yana cin rani a Aljeriya, yana ɗaukar bulo a kafaɗa. Da ya dawo Kance ko sati bai cika ba ya tsallaka Ɗan Barto ya nufi Kano, ya dawo mana da jan babur mai inji 250, irin wanda mahayinsa ke kifa ciki a kan tanki. Yaron da duk duniya bai taɓa tuƙa abin da ya wuce keke ba! Unguwa ta fito kallo, abokansa na shafa fenti, mu manya muna ta "Allah ya sa alheri." Ina cikin masu faɗin haka, kuma har gobe shirun da na yi yana ci mini rai.

Kwana 12 ya yi da shi. Da almuru a hanyar Matamaye ya tarar da amalanken shanu ɗauke da rake, ba fitila ba komai. Ya damƙe birkin gaba da iya ƙarfinsa, yadda kowane sabon hannu ke yi, ƙafar gaban babur ɗin ta kulle a kan rairayin da iska ta share zuwa bakin kwalta, babur ya yi gabas shi ya yi yamma. Cinya ta karye, kai ya bugu, ba hular kwano. Cikin dare muka bi ta Takieta zuwa Damagaram, uwarsa na riƙe da kansa a cinyarta, zaninta ya jiƙe sharkaf. Awakinta duka sun tafi a jinya. Yau yana ɗingishi, babur ɗin kuma na jingine a zaure, kaji na kwana a kai.

Masu zuwa jaje kowa da kalma ɗaya a baki: ƙaddara. Na yi imani da ƙaddara. Amma mu muka tsaya muna kallo aka ɗora yaro kan abin da ya fi ƙarfinsa, sannan yanzu muke neman inda za mu ɓoye fuskarmu.

Babur na tsere an ƙera shi ne don kwalta mai santsi da mahayi mai horo. Ka ɗan murza maƙura ya zabura, ka ɗan taɓa birki ya cije. Hannuwansa na ƙasa, don haka juya shi a hankali cikin kasuwa ko lungu aiki ne ja. Tayarsa ba ta san rairayi ba, alhali mu nan da ka sauka daga kwalta zuwa ƙauye sai yashi. Manyansu irin su Yamaha R6 suna haura kilomita 250 a awa. A ina za ka yi wannan gudun? Tsakanin jakuna da awaki da yaran makaranta? Kuma lissafin ba ya canzawa: in ka ninka gudu sau 2, tazarar da birki ke bukata kafin ka tsaya ta ninku sau 4. Ka ƙara da man kwalba na 'yan ruwa-ruwa da irin wannan inji ba ya jurewa, da kayan gyaran da sai an yi aike Kano ana jira.

A ƙasashen Tarayyar Turai, inda hanya ta fi tamu kyau nesa ba kusa ba, ɗan shekara 16 lasisinsa ba ya ba shi damar hawa abin da ya wuce inji 125. A Faransa, tun 2016 duk sabon mahayi, ko furfura gare shi, sai ya yi shekara 2 a kan matsakaicin babur kafin a bar shi ya taɓa babba. Su da motar asibiti ke iske su cikin mintoci sun ji tsoro. Mu da sai an nemo motar haya an kwasa zuwa Damagaram, mu ne jarumai? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Samarinmu ke nan, masu noma mana gero.

Haushina ya fi yawa a kan mutane iri uku. Dillalin da ya ga yaro ko giya bai iya sawa ba, ya karɓe kuɗinsa ya miƙa masa makulli. Abokan da ke zuga shi ya ɗaga ƙafar gaba ranar rakiyar amarya, suna ɗauka a waya. Da uban da ke jin daɗi a ce ɗansa ne mai babur mafi ƙara a gari.

Samari, ban ce kada ku hau babur ba. Da rarrafe yaro kan tashi. Ku fara da mai inji 100 ko 125, irin su Bajaj Boxer ko Haojue ko Kasea da 'yan kabu-kabu ke neman abinci da su, wanda kowane bakanike a tasha ya san cikinsa. Ka zauna a kai ka gani: in tafin ƙafafunka biyu ba su taka ƙasa sosai ba, in ya faɗi ba ka iya tayar da shi kai kaɗai, ba naka ba ne tukuna. Ragowar kuɗin ka sayi hular kwano ta gaske mai ɗauri a haɓa, da rufaffen takalmi, ka nemi lasisi. Ka samu tsohon hannu ya kai ka fili ya koya maka haɗa birkin gaba da na baya, sau ɗari, kafin ka hau kwalta. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai a yi maganar babba.

Jandarmomi da 'yan sanda, ku tare duk mai hawa ba hula, ko ɗan wane ne. Iyaye kuma, in yaronku ya shigo gida da irin wannan babur yana sabon hannu, ku karɓe makullin a ranar, ya yi fushinsa. Ni ban karɓa ba.