Sun Tsare Ƙasa, Sun Rasa Ɗaki

Kowace shekara, ran 15 ga watan Janairu, akan yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya. Manya su ajiye furanni, a harba bindiga, a saki fararen tattabaru, a shafa fatiha, a watse. Mu dai a ganinmu tattabarun nan sun fi waɗanda ake bikin dominsu gata, don kuwa kowaccensu ta san ɗakin da za ta kwana.

Da mun faɗi haka sai wani ya ce, "Haba! A ina aka taɓa ganin tsohon soja na kwana a titi a Kazaure ko Roni?" Gaskiyarsa, ba a gani. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rashin muhalli a ƙasar Hausa ba ya kwana a bakin kwalta, kunya ba ta barinsa. A zauren ƙane yake kwana, ko a shagon ɗan wa, ko a kangon wani attajiri da sunan gadi. Dattijo mai jikoki ya raba iyalinsa, uwargida ta koma gidansu, 'ya'ya a rarraba wa dangi, shi kuma ya raɓe inda aka yi masa alfarma, kullum cikin fargabar ranar da za a ce za a yi wa yaro aure, ana son ɗakin. In wannan ba rashin gida ba ne, to mene ne sunansa?

Su wane ne mutanen nan? Kakanninsu ne aka kwasa zuwa Bama a yaƙin duniya na biyu cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, sojan Nijeriya bai fi dubu 10 da 'yan kai ba, amma kafin a gama a 1970 ya kai kusan dubu 250. 'Ya'yan wa aka cika gurbin da su? 'Ya'yan talakawa, irin na Gwiwa da Babura da Roni. Wanda ya shiga kurtu a lokacin yana ɗan ashirin, yau ya haura saba'in da biyar. Bayansu ga waɗanda suka je Laberiya daga 1990, da Saliyo, ga kuma waɗanda ke fama a Arewa maso Gabas tun 2009.

Yadda abin ke faruwa ba boyayye ba ne. Ɗakin bariki na gwamnati ne, ranar da aka sallami mutum, ko ya faɗi a fagen daga, lissafin fitar iyalinsa ya fara. Ya shafe shekara talatin ko talatin da biyar yau Legas gobe Maiduguri, bai zauna wuri ɗaya ba balle ya aza tubali. Ya dawo gida ya tarar an raba gado, gonar ta zama fulotai, gidan gado ya cika ya batse. Abin da ya dogara da shi garatuti ne, in kuwa ya yi jinkiri, kafin ya iso tsadar siminti da kwano ta cinye shi, kuɗin gida ya koma kuɗin katanga.

Masu kare wannan hali hujja uku gare su. Ta farko, wai ai suna da fansho. To, in fanshon na isa kan kari, me ya kai tsofaffin sojoji zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja a 2022, suka sake komawa a 2025? Dattijo ba ya shimfiɗa tabarma a bakin ofis don nishaɗi. Kuma fanshon kofur ko saje daban, na janar daban. Hafsoshi ba su ne abin tausayinmu ba.

Ta biyu, wai ai soja ne suka danne ƙasar nan shekara da shekaru, su girbi abin da suka shuka. Wannan zalunci ne a cikin hukunci. Waɗanda suka yi juyin mulki suna da gidaje a Kaduna da Abuja. Kurtun da ya tsaya a rana a bakin ƙofarsu bai ci ba, bai sha ba, don me zai yi aman?

Ta uku, wadda ta fi yi mana ciwo, wai ai lamarin soja na Gwamnatin Tarayya ne. Albashinsa na Tarayya ne, mun yarda. Amma ƙasar da zai gina ɗaki fa? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka a karkara. Ke nan shugaban ƙaramar hukumar Gwiwa ko Roni ba ya bukatar izinin kowa a Abuja kafin ya yanka wa tsohon soja fili. Kuma kada a ce muryarmu ba ta kai wa sama. Ɗan Babura, Muhammad Badaru Abubakar, ya yi gwamnan Jigawa daga 2015 zuwa 2023, aka kuma naɗa shi Ministan Tsaro a 2023. Yankin da ya fitar da irin wannan ba zai fake da nisa ba.

A Amurka an ƙirga tsofaffin sojoji marasa muhalli kimanin dubu 74 a 2010. A 2024 sun ragu zuwa ƙasa da dubu 33. Ba tsafi suka yi ba. Sun fara da ƙirga mutanen, sannan suka ce a ba mutum ɗaki tukuna, maganar magani da sana'a ta biyo baya. Ba mu da arzikinsu, amma ƙidaya ba ta bukatar dala.

Saboda haka ga abin da muke nema. Masarautar Kazaure da ta Ringim su umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni, tare da Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya, su rubuta sunan kowane tsohon soja da kowace matar da soja ya mutu ya bari, a bayyana wanda ke gidan kansa da wanda ke raɓe. Ƙananan hukumomi su ware fulotai da takarda da sunan mai su, don kada dillalai su wawashe. A duk rukunin gidajen da jiha ta gina a keɓe musu kaso. Masu fitar da zakka su tuna cewa miskinin da ba ya roƙo ya fi saurin ɓacewa. Wakilanmu a Majalisar Tarayya kuma su tsaya kai da fata a kan cewa kada a karɓi makullin bariki daga hannun kowa sai haƙƙinsa ya shiga hannunsa.

Mu ma da laifinmu. Mukan yi wa tsohon soja kirari a bakin kasuwa, mu yi dariyar labarinsa na yaƙi, ba mu taɓa tambayar inda yake kwana ba. Samarinmu da ake kira su shiga soja suna kallo, kuma suna lissafi. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Kafin Janairu ta zagayo, a ba mu sunaye da fulotai. Furannin suna iya jira.